Allura: Daga Hannun Maɗinki Zuwa Hannun Likita

Kwanakin baya na tsaya sayen magani a wani kyamis da ke kusa da Ƙofar 'Yandaka, ƙofar da Lugga ya bi ya shiga birnin Katsina a 1903. Ina tsaye sai ga wata dattijuwa riƙe da jikanta, zazzaɓi ya rufe shi. Mai shago ya miƙo mata ƙwayoyi, ta mayar masa, ta ce: "Ɗan nan, ka yi masa allura, ƙwaya ba ta jin sa." Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami.

A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar ce ta fara jan hankalina. Allura ta samo asali daga Larabci, wato al-ibra, kuma tun fil azal kayan maɗinki ce, abokiyar zare. Da likitocin Turawa suka zo, Bahaushe bai ƙirƙiro sabon suna ba, sai ya faɗaɗa ma'anar tsohon. Ma'anar ta yi faɗin da har ɗigon rigakafin shan inna, wanda a baki ake ɗiga wa yaro, mukan kira shi allura.

Tarihinta kuwa ya girmi zuwan Bature. Wajen shekara ta 1000, likitan ido Ammar al-Mausili ya yi amfani da allura mai rami wajen zuƙe yanar ido a Masar. A 1844 Francis Rynd na ƙasar Ailan ya zuba magani ƙarƙashin fata da allura mai rami. A 1853 Alexander Wood a Edinbara da Charles Pravaz a Faransa suka samar da sirinji irin wanda muka sani. Na gilashi ne ko ƙarfe, ana tafasa shi a sake amfani da shi, kafin Colin Murdoch na New Zealand ya fito da na roba a 1956, wanda ake jefarwa bayan aiki ɗaya.

To, ina matsalar take? Mutanen da suka saba da ƙahon wanzami da tsaga sun ɗauka maganin da ya huda fata shi ne mai ƙarfi. Amma allurar da ta shiga jikin mutum biyu tana ɗaukar jinin wannan ta kai wa wancan, tare da ciwon hanta ko ƙanjamau. Masar ta ɗanɗana kuɗarta: daga shekarun 1950 zuwa 1980 an yi wa jama'a allurar tsargiya da sirinjin gilashi da ba a tsabtace sosai ba, ciwon hanta nau'in C ya bazu. Haka kuma allurar ɗuwawu a hannun wanda bai ƙware ba takan taɓa jijiya, ƙafar yaro ta shanye. Shi ya sa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a koma ga sirinjin da ke kulle kansa bayan amfani ɗaya.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kada ka matsa wa ma'aikacin lafiya sai ya yi maka allura. In ta zama dole, ka ga an buɗe sabuwa a gabanka. Ita kuwa dattijuwar nan, na lallashe ta ta kai yaron asibiti a auna jininsa tukuna. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.