Yadda ake karanta lambobin matsalar injin a tsohuwar mota

Da yawa daga cikin motocin da ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, waɗanda ake shigowa da su Najeriya da Nijar bayan sun yi shekaru a Turai ko Amurka, suna yawo ne da wata ƙaramar fitila mai ruwan ɗorawa a kunne a gaban direba. A wasu motocin hoton injin ne, a wasu kuma an rubuta Check Engine.

Direbobi da dama sun saba da ita har ba sa ganinta. Wasu kanikawa kuwa maganin da suke yi mata shi ne su cire ƙwan fitilar. Amma fitilar tana nuna cewa ƙwaƙwalwar motar, wato ƙaramar kwamfutar da ke auna mai da iska da lokacin tashin wutar fulogi, ta ga wani abu ba daidai ba, ta kuma adana shi a matsayin lamba.

Dokokin yaƙi da gurɓatar iska na jihar Kalifoniya a Amurka ne suka haifar da wannan tsari. Daga shekarar 1996 aka wajabta wa duk ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka tsari guda mai suna OBD-II. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motoci masu amfani da fetur, sannan daga baya masu dizal. Saboda haka shekarar da aka ƙera mota da kasuwar da aka ƙera ta dominta su ne ke nuna yadda za a karanta lambobinta. Motoci masu kafireto irin su Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna ba su da ƙwaƙwalwar da za ta adana komai, sai dai kunnen bakanike.

Motocin da suka girmi 1996

A waɗannan motoci kowane kamfani da hanyarsa, kuma sau da yawa ba a buƙatar na'ura. Fitilar ce da kanta ke ƙirga lambar ta hanyar ƙyaftawa.

A Toyota Corolla da Camry na farkon shekarun 1990, akwai wani ƙaramin akwati a cikin bonet da aka rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. Ana haɗa ramukan TE1 da E1 da guntuwar waya, sai a murɗa makulli har fitilun gaba su kama, ba tare da an tayar da injin ba. Idan fitilar ta riƙa ƙyaftawa da sauri ba tsayawa, babu matsalar da aka adana. Idan ta ƙyafta sau biyu, ta ɗan dakata, ta sake ƙyaftawa sau ɗaya, lambar ita ce 21, wadda ke nufin na'urar da ke auna iskar oksijin a hayaƙin salansa. Lamba 22 kuwa ta shafi na'urar auna zafin ruwan injin. Idan lambobin sun fi ɗaya, ana samun tsayawa mai ɗan tsawo a tsakaninsu, sannan jerin ya sake komawa farko.

A Honda Accord da Civic na wancan zamani, wata soket ce mai ramuka biyu a ƙarƙashin gaban kujerar mai zaman banza. Doguwar ƙyaftawa goma ce, gajera kuma ɗaya. Doguwa ɗaya da gajeru huɗu ke nan 14, wato bawul ɗin da ke daidaita iska lokacin da injin ke aiki a tsaye.

Wajibi ne a tabbatar da ramukan kafin a sa waya. Haɗa waɗanda ba su ba ne na iya ƙona fis, ko ma ita ƙwaƙwalwar.

Soket mai ramuka 16

Motocin da ke kan sabon tsari suna da soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ana jona na'urar karatu a nan, kuma a yanzu akwai ƙanana masu araha da ke aika sakamakon zuwa wayar salula.

Lambar harafi ɗaya ce da alkaluma huɗu. P na nufin injin da giya, B jikin mota, C sassa irin su birki, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Idan sifili ya biyo bayan harafin, ma'anar ɗaya ce a kowace irin mota. Idan 1 ne, lambar kamfanin ce, sai an duba littafinsa.

A nan ne masu motoci suka fi yin asarar kuɗi, domin lambar tana nuna inda ƙwaƙwalwa ta ga alamar ciwo ne kawai, ba ta bayyana kayan da za a sauya ba. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Zai iya zama fulogi, ko kwayil, ko nozul da ta toshe, ko ma fistin da ya daina riƙe iska. Ƙwararren bakanike kan musanya kwayil ɗin silinda ta ɗaya da na ta biyu, ya goge lambar, ya sake tayar da mota. Idan lambar ta koma P0302, kwayil ne. Idan ba ta motsa ba, sai ya nemi dalilin a wani wuri, kuma mai mota bai kashe ko sisi a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ba.

Haka P0171, wadda ke nufin iska ta rinjayi mai. Sau da yawa akan garzaya a sayi sabuwar na'urar auna oksijin, alhali robar iska ce ta tsage saboda tsufa da zafi, ko kuma ƙurar hunturu ta lulluɓe na'urar auna iskar da ke shiga injin. P0420 kuwa ta shafi tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawan Najeriya ke yi wa laƙabi da indomi. Idan an riga an cire ta an sayar, lambar za ta yi ta dawowa ko sau nawa aka goge.

Akwai bambanci tsakanin fitilar da ta kama ta tsaya da wadda ke ƙyaftawa ana cikin tafiya. Ta farko tana ba da damar a kai mota gareji cikin natsuwa. Wani lokaci murfin tanki ne kawai ba a ɗaure da kyau ba. Ta biyu na nufin ɗanyen fetur na wucewa zuwa salansa, inda zai iya narkar da tukunyar tace hayaƙi, don haka sai a rage gudu a nemi wurin tsayawa.

Cire kan batir yana goge lambobi, amma yana goge shaidar da bakanike zai yi aiki da ita, shi ya sa ake so a rubuta su tukuna. Wasu dillalai na yin hakan kafin mai saye ya iso. Na'urar karatu na iya tona asirin, domin tana nuna cewa motar ba ta kammala gwaje-gwajen da take yi wa kanta ba tun bayan gogewar. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar na'ura: idan aka murɗa makulli kafin a tayar da injin, dole fitilar ta kama, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, to ƙwan ya mutu, ko kuma an cire shi.