Taswirar “har abada” a mota: Shin ta cancanci kuɗin direban Ikara, Maƙarfi da Kudan?

Da yawa daga motocin 'yan Kwatano da ke zirga-zirga tsakanin Zariya da Ikara suna da allo a gaban direba. Idan aka kunna ɓangaren taswira, sai a ga kibiya tana yawo a fili fetal, ko kuma a kan titunan wani gari na Amurka da motar ta baro shekaru da suka wuce. Wannan ne ke sa wasu masu motoci tunanin biyan kuɗi a sabunta musu taswirar, ko su sayi ƙaramar na'urar nuna hanya da ake maƙalawa a gilashi, wadda kwalinta ke alƙawarin sabunta taswira har abada.

Kafin a zaro kuɗi, ya kamata a san abin da ake saya. Gano inda mota take kyauta ne. Taurarin ɗan adam na GPS mallakar gwamnatin Amurka ne, na'ura saƙonsu kawai take karɓa, ba ta buƙatar data ko sabis. Abin da kamfanoni ke sayarwa shi ne zanen hanyoyin da ake ɗora kibiyar a kai.

Kalmar “har abada” kuwa, ba abadan ɗin da Bahaushe ya sani ba ne. Kamfanin Garmin na Amurka, wanda ya riƙa sa haruffan LM ko LMT a ƙarshen sunan irin waɗannan na'urori, ya bayyana a ƙa'idojinsa cewa tsawon rayuwar na'urar ake nufi, ba ta mai ita ba, kuma muddin kamfanin na ci gaba da samun bayanan taswira daga masu samar masa. Ƙa'idar ta ce ba a mayar da wannan dama ga wani mutum ko wata na'ura, sannan idan aka yi wata 24 ba a sauke sabuntawa ba, ana iya ɗauka cewa na'urar ta gama aiki. Wanda ya sayi ta hannu a kasuwa sai ya yi lissafi da kansa.

A watan Janairun 2018, kamfanin TomTom na ƙasar Holan ya sanar da daina sabunta taswirar wasu tsofaffin na'urorinsa, saboda sababbin taswirori sun yi musu nauyi. Masu su a Turai sun yi ta ƙorafi, amma kamfanin ya tsaya kan cewa rayuwar na'ura yake nufi.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar direban Arewa. Alƙawarin ya tsaya ne kan yankin da aka sayar da na'urar dominsa. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka, titunan can za ta riƙa sabuntawa, ko da tana maƙale a motar da ke ɗaukar rake a Maƙarfi. Taswirar Najeriya sai an neme ta daban. Ga shi sabuntawar kanta, a yawancin tsofaffin na'urori, tana son kwamfuta da intanet mai ƙarfi, a ƙasar da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Ba wai hanyoyin yankin ba sa canzawa ba ne. Babban titin Zariya zuwa Kano, wanda ake sauka daga kansa a Tashar Yari a nufi Maƙarfi, ya sha sauye-sauye tun da kamfanin Julius Berger ya fara aikinsa a 2018. An yi ta karkatar da motoci daga wannan hannu zuwa wancan, wuraren juyawa ma sun sauya. Taswirar da aka zana kafin aikin za ta iya cewa direba ya juya a inda babu mashiga yanzu. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace kilomita ta ɓata asara ce da ake ji a aljihu.

Amma inda ɓatan ya fi ciwo ba kan kwalta ba ne. Mai motar da aka kira daga Kano ko Kaduna ya kwashi tumatir a wata fadama a Ikara, ko mazarƙwaila a wani ƙauye bayan Hunƙuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, burji da hanyar amalanke zai bi. Tumatir ba ya jiran direba ya gama bulayi cikin rana. Irin waɗannan hanyoyi damina ke sake musu fasali: kwalbati ya karye, rafi ya kawo, a koma bi ta gefen gona. Kamfanin da ke fitar da sabuwar taswira sau huɗu a shekara daga wata nahiya ba zai san da wannan ba.

Sunaye ma na rikita na'ura. Wanda ya rubuta Tudun Wada zai iya samun ta Zariya, ta Kaduna, ta Maƙarfi, ko ƙaramar hukumar Tudun Wada ta jihar Kano da ke maƙwabtaka da Ikara. Haka Sabon Gari da Nasarawa. Wannan kam ko sabuwar taswira ba ta maganinsa.

Abin da ya rage wa waɗannan na'urori daraja shi ne wayar da ke aljihun direba. Manhajar Google Maps tana barin mutum ya sauke taswirar yanki ya ajiye, ya yi amfani da ita babu data, kuma tun 2019 ta ƙara tsarin masu babur a Najeriya. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna aiki da taswirar OpenStreetMap, wadda 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004. Ƙauyukan Arewa da dama sun shiga taswirar zamani ne albarkacin yaƙi da shan inna, lokacin da ƙungiyoyi irin su eHealth Africa da ke Kano suka riƙa tantance matsugunai da hanyoyi don masu rigakafi su isa kowane gida. Duk wanda ya buɗe asusu zai iya ƙara hanyar ƙauyensu, ko ya gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba.

Ajiye taswira a waya ba ƙaramin abu ba ne a jihar da gwamnati ta taɓa katse layukan sadarwa a wasu sassanta a 2021 saboda matsalar tsaro.

Na'urar da aka keɓe wa mota tana da nata amfani: ba ta shan cajin waya, kira ba ya katse ta, kuma direban tirela mai doguwar tafiya zai ji daɗin allonta. Idan ta zo da taswirar Najeriya a ciki kuma ba a ɗora mata kuɗi ba, babu laifi a karɓa. Biyan ƙari saboda “har abada” kuwa bai cancanta ba ga mai bin waɗannan hanyoyi. Da kuɗin ya sayi maƙalin waya da caja ta mota, ya sauke taswirar Zariya zuwa Kano inda sabis ke da ƙarfi, sannan idan kwalta ta ƙare ya tsaya ya tambayi 'yan acaɓa a bakin tasha ko gadar gaba tana biyuwa.