Matar da za ta bi mijinta ƙasar waje: takardun da ake nema da tambayoyin da ake yi

A ƙasar Kutus da wuya a sami gari wanda ba shi da ɗa a waje. Daga Kelle da ƙauyukanta samari suna tafiya biɗa. Wasu suna Nijeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Makka. Kaɗan daga cikinsu sun kai har Turai da Amurka. Idan zama ya yi tsawo, sai miji ya aiko a kai masa matarsa. A nan ne wahala take farawa, domin ƙasashen nesa ba su karɓar mutum sai da biza.

Biza izini ce da wata ƙasa take bugawa a cikin fasfo. Akwai bizar ziyara, ta ƴan kwanaki ko ƴan watanni. Akwai kuma bizar zama, wadda ake ba mace don ta je ta zauna da mijinta. Ita ce mai wuyar samu. Haka ma abin yake idan matar ce a waje, mijin yana gida.

Miji ne yake fara buga ƙofa

Mace ba ta iya soma neman bizar zama daga gida. Mijin ne zai fara kai buƙata ga hukumar ƙasar da yake zaune. Kuma sai in shi kansa yana da takardar zama ta gaskiya. Wanda ya shiga ƙasa ta bayan gida, yana ɓoyon ƴan sanda, ba shi da bakin kiran iyali. Saboda haka tambayar farko da iyayen mace za su yi wa surukinsu ita ce: wace takarda gare ka a can?

A Faransa, baƙo ba ya neman a kawo masa iyali sai ya yi wata 18 yana zaune bisa doka. Yana kai takardunsa ga wata ma'aikata da ake kira OFII. Ana duba albashinsa na wata 12, a ga ko zai iya ciyar da gida. Ana duba ɗakin da yake kwana, har faɗinsa ake aunawa. Sannan matar sai ta cika shekara 18. A Amurka, mijin da ya zama ɗan ƙasa, ko mai katin zama na dindindin, yana cika takarda mai lamba I-130. Daga baya ya sa hannu a wata, mai lamba I-864, yana ɗaukar alkawarin ci da sha da maganin matarsa. A ƙasar Makka kuwa, sai mai iƙama, kuma ana duba irin aikinsa da albashinsa.

Takardun da ake nema a gida

Yayin da miji yake nasa aiki a can, ita ma mace tana da nata a nan. Takarda ta farko ita ce ta haihuwa. Ita ce uwar takardu, duk sauran daga gare ta suke fitowa. Dokar Nijar ta 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 don a kai labarin haihuwa, ko aure, ko mutuwa. Ana faɗa a wurin mai gari ko a gidan likita, su kuma su aika ma'aikatar magajin gari ta Kelle. In an yi cikin lokaci ba a biyan kuɗin rubutawa. Wadda aka haifa ba a rubuta ta ba, sai ta je gidan shari'a na Gure da shaidu biyu waɗanda suka san haihuwarta. Alƙali zai yi mata takardar da mutane suke kira jijima. Wani lokaci alƙalai suna fitowa rangadi ƙauyuka don wannan aiki. Ranar da aka ji sun sauka, kada a tsaya sai an gama sussuka.

Da takardar haihuwa ake neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa a gidan shari'a. Da ita ake neman kartidante a wurin ƴan sanda. Sannan a nemi fasfo, wanda hukumar ƴan sanda mai lura da shige da fice take bayarwa. Ana kuma neman takardar da ke shaida mutum bai taɓa yin laifin da aka ɗaure shi ba, wato kaziye. Ita wata 3 kawai take yi ta mutu, don haka ba a gaggawar karɓarta tun da wuri. Kowane yaro da zai bi uwarsa, ko jariri ne a goye, sai da tasa takardar haihuwa.

Akwai wani ƙaramin abu da yake rushe babban aiki, shi ne rubutun suna. Mace guda, a takardar haihuwa an rubuta Hadiza, a kartidante Adiza, a takardar aure Hadijatu. A gari kowa ya san mutum ɗaya ce. Amma ma'aikacin ofishin jakadanci bai san ta ba, shi mata uku yake gani. Haka ma shekarar haihuwa. Da yawa a jijima aka yi masu kintace, aka sa 1 ga Janairu. Wannan ba laifi ba ne, muddin dai abin da aka rubuta a takarda ta farko shi ne a ta biyu da ta uku. A nan ne amfanin karatun yaƙi da jahilci yake fitowa fili. Ko da yake a Maris 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa, takardun nan da Faransanci ake cika su. Amma wadda ta san baƙaƙe da lambobi tana iya jera takardunta a kan tabarma, ta bi sunanta harafi bayan harafi. In ta ga bambanci, ta koma inda aka rubuta a gyara tun takardun ba su bar gida ba.

Aure a masallaci, aure a takarda

A ƙauye, idan an biya sadaki, liman ya ɗaura, an shafa fatiha, an raba goro, aure ya ɗauru. Ba mai gardama. Amma ofishin jakadanci ba ya ganin goro, takardar aure yake nema daga ma'aikatar magajin gari. Auren da ya wuce kwana 60 ba a rubuta ba, shi ma sai an bi ta gidan shari'a.

Akwai abubuwa uku na al'ada da suke cin karo da dokokin waje, kuma gara a san su tun da wuri.

Na farko, auren da aka ɗaura miji ba ya nan. Saurayi yana waje, ya aiko kuɗi, wakilinsa ya karɓa masa aure. A addini ba aibu. Amma dokar Amurka ba ta ɗaukar irin wannan aure sai in miji da mata sun sadu bayan ɗaurin auren. Za a nemi shaidar cewa ya zo gida: hatimin da aka buga masa a fasfo, da tikitin jirgi, da hotuna. Dokar Faransa kuwa ta ce wanda ya zama ɗan ƙasarta sai ya halarci ɗaurin aurensa da kansa, ko a wace ƙasa aka yi.

Na biyu, mace fiye da ɗaya. Tun 1993 Faransa ta hana mai mata a can ya kawo ta biyu. Ƙasashen Tarayyar Turai sun yi doka irin wannan a 2003. Amurka ma ba ta san auren amarya ba matuƙar uwargida tana nan da igiyarta. Wannan magana ce mai ɗaci, amma iyayen da za su ba da ƴarsu ga mazaunin Turai ya kamata su tambaya ko yana da wata matar. In yana da ita, ƴarsu za ta iya tsufa a ɗakin uwarta tana jiran bizar da ba za ta zo ba.

Na uku, saki da baki. Bazawara da ta sake aure, za a tambaye ta takardar mutuwar auren farko. In mijin ya rasu ne, takardar rasuwarsa. Shi ma mijin, in ya taɓa aure ya saki, sai ya nuna takarda daga alƙali. Cewa "gari duka ya sani" ba ya shiga cikin dosiye.

Ranar tambayoyi

Idan hukumar can ta yarda da buƙatar miji, ana aiko wa mace ranar da za ta zo ofishin jakadanci. Tsakanin kai buƙata da wannan rana ana yin watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. Mai neman bizar Amurka sai likita ya fara auna ta. Ba kowane likita ba, sai wanda ofishin ya zaɓa. Yana duba tarin fuka da wasu cututtuka, yana duba katin allurar rigakafi.

A ofishin ana ɗaukar hoton yatsunta. Sannan ma'aikaci ya yi mata tambayoyi. Abin da yake so ya gane guda ne: auren nan na gaskiya ne, ko an ƙulla shi don biza kawai? Zai tambaye ta yaya suka san juna, wa ya ɗaura auren, a wane gari, wace shekara, nawa ne sadaki. Zai tambayi sunan garin da mijin yake, da aikin da yake yi, da ranar da ya zo gida ta ƙarshe, da sunayen iyayensa da ƴaƴansa. Yana riƙe da amsoshin da mijin ya riga ya rubuta, yana gwadawa.

A nan kunya tana iya yin ɓarna. Mace mai tarbiyya ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na ɗan fari, ba ta ɗaga ido ta dubi baƙon namiji. A gida wannan mutunci ne. A gaban ma'aikacin da bai san al'adar ba, sai ya zaci ba ta san mijin ba. Ranar nan dai a ajiye kunya a bakin ƙofa. Ta faɗi sunan mijinta cikakke, da murya a fili. In auren haɗi ne na iyaye, ko auren zumunci, ta faɗa haka, ba abin ɓoyo ba ne. In ba ta jin Faransanci, a tambaya tun kafin ranar ko akwai tafinta, ko ana yarda ta zo da nata. In ba ta gane tambaya ba, ta ce a maimaita. Abin da ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba, ya fi ta ƙaga.

Ta riƙo duk abin da yake nuna suna tare: hotunan biki da na suna, rasit na kuɗin da yake aiko mata, saƙonnin da suke yi ta salula. Waɗannan ƴan takardun aike da ake yarwa ko a ƙunsa ƙuli da su, a adana su a cikin leda, nesa da gara da ruwan sama. Idan ana shakkar takardar yaro, ana iya neman a gwada jininsa da na ubansa, kuma iyalin ne suke biya.

Ƙarya ita ce babbar asara. A dokar Amurka, wanda aka kama da takardar jabu, ko ya yi ƙarya a kan muhimmin abu, ana iya hana shi biza har iyakar ransa. Akwai masu zuwa su ce sun san wani a ciki, a ba su kuɗi su fito da biza cikin mako guda. Wasu suna cewa a sa ɗan ƙanwa a cikin ƴaƴa, ko a rage wa yarinya shekaru, ko a ƙara. Gidaje sun sayar da shanu da gonaki saboda irin waɗannan mutane. Duk kuɗin da hukuma take karɓa tana ba da rasit mai hatimi.

Hanyoyin da suka canza

Kafin a sayar da ko akuya guda, miji ya bincika ko ƙofar a buɗe take, domin al'amura sun sauya a ƴan shekarun nan. Ofishin jakadancin Faransa na Yamai ya rufe a Janairu 2024, aka koma neman bizarta a wasu ƙasashe. A Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta dakatar da ba ƴaƴansu biza daga 1 ga Janairu 2026, har da ta matan aure. Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025, amma a lokacin ƙungiyar ta ce mutane su ci gaba da shige da fice ba tare da biza ba har sai an sake shawara. Mai bin mijinta Kano ko Maiduguri dai ta riƙe kartidante da takardar aure.

Idan takarda ta yi jinkiri, wasu sukan ce a bi ta hamada. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma da yawa daga Kance suka fito, a cikin jahar Damagaram. Wadda ta tsira ta isa, ba ta da takardar zama, kullum tana cikin tsoron a kwaso ta a mota a maido.

Mai shirin tafiya Yamai don ganawa ta tuna daga Kelle sai an sauka Gure, daga Gure a kama kwalta zuwa Damagaram, sannan a yi kusan kilomita 900. Ta tashi da kwanaki a hannu, ta san gidan da za ta sauka. Kowace takarda a yi mata kofi biyu, ɗaya a tafi da shi tare da na ainihi, ɗaya a bari a gida wurin wanda aka amince da shi.