«L'Africaine»: Wasan da Masu Shi Ba Su Gani Ba

Wanda ya taɓa kallon wasan kwaikwayo a dandalin Korahane ko na Dakoro ya san magana ƴan wasa suke yi. A Turai kuwa akwai wani irin wasa da ake kira opera, wanda daga farko har ƙarshe da waƙa da kiɗa ake yin sa. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne «L'Africaine», watau Baƴar Afirka.

Mutum biyu suka haɗa hannu a kansa. Eugène Scribe, Bafaranshe, shi ya rubuta baitoci. Giacomo Meyerbeer, mutumin Jamus da aka haifa a 1791, shi ya tsara kiɗa. Dama sun saba aiki tare, don su suka yi «Les Huguenots» a 1836.

Sun ƙulla yarjejeniya a 1837, amma zabiyar da aka yi niyyar ba ta babban matsayi, Cornélie Falcon, sai muryarta ta lalace. Aiki ya kwanta shekara da shekaru. Da suka koma kansa sai suka sauya labarin, suka ɗora shi bisa Vasco de Gama, matuƙin jirgin ruwa na Fotugal da ya kai Indiya a 1498. Sarauniya Sélika, wadda ta ƙaunace shi har ta mutu saboda shi, ta zama shugabar mutane masu bautar Brahma, abin bautar Indiyawa. Don haka Meyerbeer ya raɗa wa wasan suna «Vasco de Gama».

Scribe ya mutu a 1861, Meyerbeer kuma ranar 2 ga Mayu 1864. Aka damƙa takardun ga François-Joseph Fétis, masanin kiɗa na Beljiyam. Ya rage wasan, ya mai da tsohon suna, wanda jama'a suka daɗe suna jira. Ranar 28 ga Afrilu 1865 aka fara nuna shi a Paris, gaban Sarki Napoléon na Uku.

Ta haka sunan Afirka ya zaga duniya a kan labarin da ba nata ba, kuma ba da yardar mai kiɗan ba. Sai a 2013, a garin Chemnitz na Jamus, aka nuna wasan bisa takardun Meyerbeer, da sunan da ya zaɓa.