Ɗan kunkurun Sahel a Abijan: me ke kashe shi, me doka ta ce

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirin wannan mako, musamman don ku fatake da ke sauke kaya a tashoshin Ajame, da ku makiyaya da kuke cin karo da kunkuru a daji. Tambayar ita ce: mutum ya samu ɗan kunkuru a arewa, ya sa shi a kwali ya kawo wa yara tsaraba a Ajame ko Treichville, bayan 'yan makonni ya daina ci, ido ya kumbura, sai a wayi gari ya mutu. Me ya jawo?

Da farko ka san wanda ka ɗauko. Babban kunkurun Sahel, mai ruwan ƙasa, mai ƙaho-ƙaho a cinyoyin baya, Turawa na kiransa sulkata. Mazauninsa ya taso daga Senegal da Muritaniya, ya ratso Mali, Burkina, Nijar, arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, waɗanda suka fi shi biyun kuma a tsibirai suke. Ranar da ya ƙyanƙyashe bai wuce santimita 5 ba, tafin hannun yaro ya ishe shi. Amma namiji idan ya manyanta yakan haura kilo 50, wasu su doshi 100, kuma yana iya rayuwa fiye da shekara 70. To ka ga wanda ya sayi ɗan kunkuru ya ɗauki amanar da za ta kai ga jikoki.

Kada a haɗa shi da kififiya, ita ta ruwa ce. Haka nan akwai ƙananan kunkurayen kurmi na kudancin Kwaddibuwa, waɗanda ƙoƙon bayansu ke da gaɓa ta wajen wutsiya, yana rufewa kamar murfi. Su inuwa da laima suke so, suna cin katantanwa da ƙwari. Idan ka yi wa na Sahel kiwon na kurmi, ka cuce shi.

Yanzu maganar sanyi. Wani zai ce, haba malam, ina sanyi a Abijan? Gaskiya ne ba a hunturu irin na Agadas ko Jos. Sai dai kunkuru ba ya haɗa ɗumin jikinsa da kansa kamar akuya ko kaza. Daga rana yake aro. In bai samu zafi ba, abincin da ya ci ba ya narkewa, jikinsa kuma ba ya iya yaƙar cuta. A daji yana da dabara: yana haƙa rami mai tsawon mitoci, inda zafin rana ba ya ƙona shi, sanyin dare kuma ba ya kai masa. Ya fito da safe ya sha hantsi, ya yi kiwo, ya koma. A cikin kwali ko baho ba shi da wannan zaɓi.

Ka duba bambancin ƙasashen. Ruwan da Maraɗi ke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 500 ba. Na Abijan ya ninka haka fiye da sau uku, mafi yawansa tsakanin Mayu da Yuli, sannan watan Agusta gari ya lulluɓe, rana ta yi ƙaranci, iska ta yi sanyi. Ƙara da daɓen tayil ko siminti mai jiƙe, da fanka, da na'urar sanyaya ɗaki a gidajen masu hali. Laima ita kaɗai ba laifi ba ce, don 'ya'yan kunkuru ma cikin rami mai ɗan danshi suke girma. Laima tare da sanyi, nan ne ajali yake. Alamun su ne kumfa ko majina a hanci, numfashi da baki a buɗe, ido a rufe, da ƙin cin abinci. Idan ka ga haka, ka ɗumama shi ka nemi likitan dabbobi. Kada ka ɗura masa ragowar maganin yara.

Wannan matsala ce ta sa waɗanda ke kiwonsa a Faransa, Ingila da Amurka suke kashe kuɗi kan fitilu. Suna kunna masa fitila mai ba da zafi kusan digiri 35 a gefe guda, ɗaya gefen a bar shi da sauƙi don ya zaɓa, da dare kuma ba sa barin wurin ya sauka ƙasa da digiri 20. Kunkurun Turai yana barcin hunturu na watanni, na Sahel ba ya yi, in aka bar shi cikin sanyi mutuwa kawai zai yi. Mu a nan Allah ya ba mu rana kyauta. Abin da ake bukata shi ne a fitar da shi hantsi, a wurin da ke da inuwa kusa, don ƙaramin kunkuru a cikin roba tsakar rana yana iya mutuwa cikin ɗan lokaci. Hasken da ya biyo ta gilashin taga ba ya wadatarwa, domin gilashi na tare sashen hasken da jiki ke bukata wajen gina ƙashi. Ɗan kunkurun da ba ya samun rana, ƙoƙonsa sai ya yi taushi.

Abinci kuwa, ku makiyaya kun fi kowa sani, don abin da saniya ke ci shi yake ci: ciyawa, ɗanya da busasshiya, da ganyaye irin su yakuwa. Ana iya daka ɓawon ƙwai da aka dafa a barbaɗa masa kaɗan. Ban da tuwo, ban da burodi, shinkafa, madara ko nama. Aceke ma da ake ji da shi a Abijan, a bar wa mutane. Ayaba da mangwaro suna ɓata masa ciki in sun yi yawa. Kuma maganar da ake yi cewa kunkuru ba ya shan ruwa, ba haka ba ne. A riƙa sa ɗan ƙaramin cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai kai masa hanci ba, na minti 15, sau da yawa a mako. Da dare a rufe shi daga ɓera da kare da cinnaka. Sai wata al'ada da nake roƙo a daina: huda gefen ƙoƙo don ɗaura igiya. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya, yana jin zafi.

Akwai abu biyu da suka shafi lafiyar gida da ta garke. Kunkuru na ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinsa ko da lafiyarsa ƙalau, ita kuma tana sa gudawa da zazzaɓi, musamman ga ƙananan yara. Saboda haka ne tun 1975 Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai kimanin santimita 10 ba, don yara na kai shi baki. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kada kuma a yi masa wanka a kwanon abinci. Na biyu, kaska. A shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da sulkata daga waje, saboda wasu kaskokin da ke maƙale wa kunkurayen Afirka na iya yaɗa cutar da ke tara ruwa kewaye da zuciyar shanu, tumaki da awaki. Wanda ya loda kunkuru cikin motar dabbobi ba tare da ya duba hammatarsa da gindin wutsiyarsa ba, zai iya kai wa garken wani abin da bai yi niyya ba.

Sai doka, wadda ita ce ta fi shafar aljihun ɗan kasuwa. Nijar, Najeriya, Burkina, Mali da Kwaddibuwa duk suna cikin yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Sulkata na cikin jeri na biyu, wato ba ya tsallake iyaka sai da takardar izini. Tun shekarar 2000 kuma aka tsayar cewa wanda aka kamo daga daji, adadin da aka yarda a fitar don kasuwanci sifili ne. Don haka idan ka taso daga Yamai ka biyo Wagadugu da Bobo, jami'an duwan ko na gandun daji suka buɗe kwalinka a Wangolo, suna da hurumin ƙwacewa, kuma "tsarabar yara ce" ba takarda ba ce. Kayanka na halal ma sai su kwana a bakin iyaka saboda abin da bai kai riba ba.

Dalilin tsaurin shi ne dabbar na ƙarewa. Ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin masu fuskantar barazanar ɓacewa. Kamu don sayarwa na cikin dalilai, haka ma gobarar daji da ƙarancin ciyawa, tunda makiyaya ɗaya yake rabawa da dabbobinmu. Macen na yin ƙwai 15 zuwa 30 a zubi ɗaya, amma kaɗan ne ke kai girma, kuma sai ta shafe shekaru fiye da goma kafin ta fara. A Senegal, a ƙauyen Noflaye kusa da Dakar, akwai gidan kunkuru da ke karɓar waɗanda aka gaji da su a gidaje, an kuma mayar da wasu dajin Ferlo bayan an duba lafiyarsu.

Shawarata ga makiyayi: in ka ga ɗan kunkuru a bakin raminsa, ka bar shi, ba maraya ba ne, haka suke tashi ba uwa. Wanda kuma yake da shi a gida a Abijan, kada ya jefar da shi a dajin Banko ko bakin tafkin Ebriye, don ba ƙasarsa ba ce. Ya kula da shi yadda muka faɗa, ko ya tuntuɓi ofishin gandun daji mafi kusa.