Yadda Ake Rabuwa da Kututture a Tsakar Gida

Kututture shi ne ragowar gindin itace da ke zama a ƙasa tare da saiwoyinsa bayan an sare bishiya. Ya bambanta da gungume, wato guntun da aka yanke aka ajiye gefe. Mutane da dama kan ɗauka cewa da zarar bishiya ta faɗi aiki ya ƙare, alhali saura ne.

Idan aka bar kututture, gara kan yi gida a cikinsa, daga nan ta bi ƙasa ta kai ga ƙofofi da katakon rufi. Kunama da maciji kan fake a kogonsa, yara kuma su riƙa tuntuɓe da shi da daddare. Wasu itatuwan, kamar darbejiya da gwaba, ba su mutuwa da sara ɗaya, sai su sake tofo. Kwakwa kuwa ba ta tofo, domin idonta guda ne, a can ƙoli.

Hanya ta farko ita ce tono. A jira ruwan sama ya jiƙa ƙasa, a haƙa rami kewaye da kututturen da diga da shebur, a datse saiwoyin gefe da gatari, sannan a girgiza shi har uwar saiwa ta bayyana a sare ta. Saboda haka mai dabara kan bar tsawon kamar mita 1 tun wajen sara, don ya sami abin turawa.

Ta biyu ita ce ruɓarwa. A huda ramuka a samansa, a cusa kashin kaji ko takin zamani, a rufe da ƙasa, a riƙa ba shi ruwa. Duk tofon da ya fito a karya shi, har abincin da ke cikin saiwa ya ƙare. Wannan kan ɗauki shekara ko fiye, sai dai a nan Kudu damshi na sa ya fi saurin ruɓewa bisa ga Arewa.

Ta uku ita ce ƙonawa, kuma ta fi haɗari. Wuta kan bi busasshiyar saiwa tana ci a ƙarƙashin ƙasa ba a sani ba, ta lalata bututun ruwa ko wayar lantarki. Kada a kusanto da fetur. Gishiri ma yana kashe kututture, amma yana ɓata ƙasar wurin, shuka ta ƙi yi.

A ƙarshe, idan an cire shi a cike ramin a daddaɓe, a kuma dasa wata bishiyar nesa da katanga.