Kuɗin Ƙananan Hukumomi Da Rijiyar Ƙauye: Wa Zai Ɗauki Nauyin Gyara?

Ran 11 ga watan Yuli na shekarar 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun Tarayya a riƙa zuba musu shi kai tsaye, ba ta hannun gwamnonin jihohi ba. Mutane da yawa sun yi murna. To, amma mai karatu, in kana son ka auna amfanin wannan hukunci, kada ka nufi sakatariyar ƙaramar hukuma. Tafi bakin famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyenku ka ga ko yana kawo ruwa.

Maganar ba sabuwa ba ce. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e aka yi aikin ruwan Challawa, watau harajin talakawa ya koma musu ta bakin famfo. Da aka yi gyaran mulkin ƙananan hukumomi a shekarar 1976, aka kawar da tsarin En'e, sai aka sa ruwan karkara cikin ayyukan da jiha da ƙaramar hukuma za su yi tarayya a kansu. Birane kuwa suka zama na hukumomin ruwa na jihohi. Tun daga nan aka shiga halin jifan juna: famfo ya lalace, ciyaman ya ce na jiha ne, jiha ta ce na ciyaman ne.

A shekarar 2000 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar ruwa ta ƙasa, ta raba kuɗin kafa aikin ruwan karkara kamar haka: Tarayya kashi 50 cikin 100, jiha 25, ƙaramar hukuma 20, mutanen gari 5. A takarda rabon ya yi kyau. Sai dai ƙaramar hukumar da kuɗinta ke maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha, da me za ta biya nata kason? Wannan ƙullin ne kotu ta nemi kwancewa.

Amma ko kuɗin ya iso, akwai sauran aiki. Haƙa rijiyar burtsatse yana da farin jini, domin ana yanka kyalle a kafa allo da sunan mai girma. Sauya robar famfo da ta cinye, ko sayen man injin, babu mai yi masa kiɗa. Shi ya sa za ka tarar da rijiya uku a gari ɗaya duk sun mutu, mata da yara kuwa suna can rafi tun asuba, masu hali suna saye wurin 'yan garuwa.

A nan wasu 'yan'uwa kan ce ai ruwa na Allah ne, karɓar kuɗi a kansa haramun ne. Gaskiya ne hadisi ya nuna jama'a abokan tarayya ne a kan ruwa da ciyawa da wuta. Amma malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin ruwan kogi da ba mai shi, da wanda mutum ya ɗebo ya adana da wahalarsa. Na biyun ya halatta a sayar. Rijiyar Ruma ta Madina ma sai da Sayyidina Usman, Allah ya yarda da shi, ya zuba dukiyarsa ya saye ta, kana Musulmi suka sha kyauta.

Saboda haka abin da ya kamata 'yan kasuwa da ma'aikata su tambayi ciyamansu shi ne, nawa aka ware wa gyara cikin kasafin bana, ban da na sabon haƙa? Kowace rijiya kuma a kafa mata kwamiti da liman da mai unguwa a ciki, da littafin da za a riƙa karanta abin da aka tara da abin da aka kashe bayan sallar Juma'a.